Atamfa Mai 'Yan Makullai

Wata goma sha huɗu ke nan rabon Issifou da layin mahauta na Zongon Lome. Ba wanda ya hana shi bi. Gidan Alhaji Buraima ne a bakin layin, kuma a zauren gidan nan aka dube shi ido cikin ido aka ce ba za a ba shi Asiyatu ba.

Laifinsa ɗaya, sana'arsa. Issifou mai zane ne, ɗan lekol, wato ɗan boko, da ya koyi riƙe burushi wajen wani tsoho mutumin Gana. Shi ke zana allunan masu aski da bayan manyan motoci, da tutocin jam'iyya idan biki ya matso. Shi ke kuma mayar da ƙaramin hoto ya zama babban zane mai launi, masu hali su rataya a falo. Alhaji Buraima kuwa babban mahauci ne, ɗan sahun gaba, mutumin da ko kalanda mai fuskar mutum ba ta kwana a gidansa. Hoton Shugaba ma da kowa ke ratayawa a rumfa, shi a bayan ƙyaure ya maƙala nasa.

"Yaro, na san ubanka, Allah ya jiƙansa," haka Alhaji ya ce masa ran nan. "Amma ba zan haɗa zuri'a da mai kwaikwayon halittar Ubangiji ba. Ka ajiye burushin nan, ka zo in ba ka wuƙa da tebur. Ranar da ka yi haka, ka dawo mu yi magana."

Issifou ya ce ya gode, ya sa takalmansa, ya fita. Bai koma ba, bai tura kowa ba. Zuciya ke nan! Ni dai ban taɓa ganin mai girman kai irin bawan Allahn nan ba, kuma ina faɗa ne duk da ina tausayinsa.

Tun daga nan shago ya zama ɗakinsa, ya zama majalisarsa. Uwa da uba sun rasu, yayarsa ɗaya tana aure a Kwatano. Abokai sun gaji da zuwa suna tarar da mutum ba ya magana, suka ɗauke ƙafa. A nan yake shan kokonsa da safe, a nan yake cin waken rana, shi kaɗai, fuskokin mutane jere a bango suna kallonsa. Shago cike da fuskoki, amma ko atishawa ya yi ba mai ce masa komai.

Wata Litinin da hantsi, farar Fijo ta tsaya a ƙofar shagon. Wani dogon mutum ya fito cikin shadda ruwan toka, fuskarsa a sake.

"Salamu alaikum. Kai ne Issifou mai zane?"

"Wa alaikumus salam. Ni ne. Bismillah, ga benci."

"Sunana Sabitu, atamfa nake sayarwa a Babbar Kasuwa. A Kumasi na tashi, bara na dawo gida, shi ya sa ba ka san ni ba. An ce duk Lome babu hannu irin naka."

"Mutane ne da faɗa."

"Aure zan yi bayan Babbar Sallah." Sabitu ya yi dariya irin ta wanda farin ciki ya yi wa yawa. "Na gama gini a Agoè, tunda ana ta raɗe-raɗin za a tashe mu daga nan. So nake amarya ta shiga falo ta tarar da kanta a bango, babba, da launi. Ba ta sani ba fa. Gwaggonta ce ta sato mini hoton daga akwatinta."

Ya miƙo ambulan. Issifou ya goge hannu a tsumma, ya buɗe.

Asiyatu ce.

Tana tsaye, hannu ɗaya a kan tebur mai furen roba, ta ɗan karkata kai kamar yadda take yi idan tana danne dariya. Ba wai Issifou ya san hoton ba ne kawai. Yana tsaye a bayan mai ɗaukar hoton lokacin da aka ɗauka, kuma shi take kallo.

Ga yadda aka yi. Bayan an kore shi, Asiyatu ta yi wa mahaifinta alkawari ba za ta sake ganinsa ba, kuma ta riƙe shekara guda cur. Ba yarinya ba ce, shekarunta ashirin da biyar, daktilo ce, tana buga takardu a wani ofis a Nyékonakpoè. Da azumin bana kewa ta ci ƙarfin Issifou, ya sayi turmin atamfa ya aika mata ofis, ba wasiƙa, ba suna. Ta gane. Ta kai ɗinki nesa da Zongo, ta ɓoye kayan a jaka. Kwana uku bayan Ƙaramar Sallah ta sauya a ofis, ta zo ta same shi a shagon mai hoto. Sau ɗaya tak ta sa kayan nan a duniya.

A ranar ta ce masa, "Akwai wanda ya fito, Baba ya yi na'am da shi. Ka koma ka sake tambaya, Issifou."

Shi kuma ya ce, "Ba zan je a sake wulaƙanta ni ba."

Ta dube shi, ta ɗauki jakarta, ta tafi. Mako bakwai ke nan. Yanzu ga wanda ya fito ɗin zaune a kan bencinsa yana wasa da makullin mota.

"Lafiya dai?" in ji Sabitu. "Ko hoton bai fita ba ne?"

"Ya fita."

"In aiki ya yi maka yawa ka faɗa mini, ba komai. An ce akwai wani a bakin iyaka, wajen Aflawo, shi ma yana taɓawa."

Issifou ya san mutumin. Mai sa wa kowace mace hanci iri ɗaya, ya yi mata ja a kumatu kamar 'yar tsana. Ya ji ransa ya ɓaci tun kafin a kai. Wannan ne zai sa hannu a fuskar Asiyatu?

"Zan yi," ya ce. "Ka ba ni mako biyu."

"Madalla! Allah ya yi albarka."

To, a sana'ar nan akwai ƙa'ida, wadda ko sabon shiga ya sani. Hoto baƙi da fari ne, ba ya nuna launi. Don haka kafin mai aiki ya fita sai ka tsare shi: rigar wane launi ce, ɗankwalin fa, ka rubuta a bayan ambulan. Shekara tara Issifou yana wannan aiki bai taɓa tsallake tambayar ba. Ran nan bai yi ba. Ya manta ma ana yi, don shi a idonsa hoton nan ba baƙi da fari ba ne.

Fijo ta tashi, ta bar shi tsaye da ambulan a hannu.

Ya ja sabon ƙyalle a kan katako, ya shafe shi da fari, ya jira ya bushe. Da wani ne, sai ya ja layuka a kan hoton ya bi gida-gida don kada ya kuskure. Wannan karon ko fensir bai ɗora a kai ba. Ya jingina hoton a gefe, kuma in gaskiya za a faɗa, ba ya ma dubansa.

Ya rufe ƙyaure ɗaya don kada masu wucewa su gani. Mai aski ya aiko a gyara masa allo, ya ce a dawo. Sakataren jam'iyya na unguwa ya zo maganar tutoci, ya ce ba shi da lafiya, kuma ba ƙarya ya yi ba. Daga hantsi zuwa la'asar yana tsaye, sallah kaɗai ke ɗaga shi.

Kwana uku ya yi a kan idanu. Da ya gama su sai ya kasa aiki, don duk inda ya juya a shagon suna binsa.

"To me kike so in yi?" ya ce da ƙyallen, da ƙarfi. "In je in tsuguna ina feɗe akuya? Hannun nan?"

Ya zauna a benci ya rufe fuska da tsumma mai warin kananzir, ya yi kuka irin na wanda ya san ba mai shigowa. Wallahi abin tausayi, ƙato da gemunsa. Bai taɓa samun Asiyatu kwana goma a jere ba sai yanzu da yake shirya ta don falon wani.

Ran Alhamis ta mako na biyu ya zo kan kayan. Ya matsa kore, ya ɗiga ruwan ɗorawa, ya juya har ya samu koren ɗanyen ganyen mangwaro. Ya bi da 'yan makullai ruwan goro, ɗaya bayan ɗaya, yadda suke warwatse a jikin atamfar. Daga ƙarshe ya ɗauki siririn burushi ya ja jan zaren da tela ya bi bakin wuya da bakin ɗankwali da shi. Ya ja baya ya duba. Ita ce, kamar ta buɗe baki.

Washegari Juma'a, wajen sha biyu da rabi, lokacin da ofisoshi ke tashi cin abinci, ya ji an tura ƙyaure ba sallama.

Asiyatu ce, da mayafi har goshi, tana haki.

"Ina hotona?"

"Asiyatu..."

"Na duba akwati babu. Na tsare Gwaggo Hasanatu, ta ce Sabitu ta ba, wai zai kai wa mai zane. Mai zane nawa ne a Zongo? Ka karɓa? Issifou, ka karɓi aikin?"

Ya waiga wajen zanen. Ta bi idonsa, ta zagaya gaban katakon, ta tsaya cak. Ta daɗe ba ta motsa ba. Sai ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi. Kore! Wa ya faɗa maka kore ne?"

"Wa zai faɗa mini? Ni na..." Sai yanzu ya gane abin da ya yi.

"Ka gani? Ka ga abin da ka jawo mini?" Hawaye suka zubo mata. "Jiya Sabitu ya tambaye ni, cikin hira, wai kayan da na taɓa ɗaukar hoto da su wane launi ne. Gabana ya faɗi. Na ce shuɗi. Na yi wa mutumin kirki ƙarya don in rufa mana asiri, ashe kai kana nan kana tona shi da burushi."

"Ban yi da gangan ba, wallahi."

"Na sani! Shi ya fi ciwo ai. Ba ka taɓa yin komai da gangan ba. Ba da gangan ka aiko mini da atamfa ba, ba da gangan ka bar ni na tafi ran nan ba." Ta share fuska da bakin mayafi, wasu hawayen suka biyo. "In Baba ya ji na gan ka bayan alkawarin da na yi masa, da wane ido zan dube shi? Tun rasuwar Inna mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da malamai suka ce kada ya sa ni lekol, shi ya tsaya. Abu ɗaya ya roƙe ni a duniya, ɗaya, na saɓa."

"Shi ya raba mu."

"A'a. Shi ya ce a'a sau ɗaya. Kai ka raba mu."

Issifou ya ɗago. "So kike in bar zane? In bar abin da shi kaɗai na iya?"

"Yaushe na ce ka bari? Faɗa mini ranar! Cewa na yi ka koma. Kowa a layinmu ya san halin Baba. Ko sa zai saya sai ya juya baya sau uku. Mijin yayata sau biyar ya zo, har da limami ya kawo. Kai ka zo sau ɗaya, kai kaɗai, ba dattijo, ba goro, aka faɗa maka magana mai zafi ka sa takalmi. Wata goma sha huɗu ina zama kusa da zaure bayan la'asar, ina cewa iska nake sha. Duk sallamar da aka yi sai na kasa kunne. Gwaggo har ta fara cewa ko iskokai ne suka taɓa ni."

"Ban sani ba."

"Ta ina za ka sani? Kana nan kai da bangonka."

Ya matso taku ɗaya, ta ja baya.

"Kina son sa?" ya ce a hankali.

"Yana zuwa," ta ce. "Ko an ce ba na nan, gobe sai ya dawo. Ba abin da ya yi mini sai alheri. Kada ka tambaye ni abin da ya fi wannan, don Allah, ba zan iya ba."

Daga babban masallaci aka fara kiran farko. Ta gyara mayafi.

"Ka mayar da shi shuɗi. Shi kaɗai nake roƙon ka. Ka bar ni in fita gidan ubana da mutuncina."

"Fentin mai ne, ɗanye ne. In na ɗora shuɗi yanzu caɓewa zai yi. Sai ya sha iska kwana uku."

"Yaushe zai zo karɓa?"

"Litinin da yamma."

"To ka yi kafin nan." Ta kai ƙofa, ta waiwayo ta sake duban zanen. "Haka kake gani na?"

"Kullum."

Ta fita da sauri, ba ta ja ƙyauren ba.

A nan kam sai na faɗi gaskiya, ko da za a ce na matsa masa. Ɗanyen fenti ba ya karɓar wani launi, haka ne. Amma yana kankaruwa. Da ya ɗauki wuƙar fenti, kafin a tayar da sallah ya kwashe koren nan tas. Ya sani sarai. Ya ma ɗauki wuƙar bayan ya dawo daga masallaci, ya kai ta bakin wuyan rigar, hannunsa ya ƙi. Kayan nan su kaɗai ne abin da ya taɓa ba ta. Ya ce a ransa bari ya ƙara kwana biyu da su, ran Lahadi ya kankare.

Bai samu Lahadin ba.

Ran Asabar, ana idar da la'asar, farar Fijo ta tsaya. Sabitu ya shigo da fara'arsa, da ɗan ƙunshi a takarda.

"Malam Issifou, ka ga shirme irin nawa? Na tafi ban faɗa maka launi ba, kai ma ba ka tuna mini ba. Na tambayi amarya ta ce shuɗi. To ni ɗan atamfa ne, shuɗi iri nawa ne a duniya? Sai na lallaɓa wajen Gwaggo, ta tono mini ɗankwalin daga ƙasan akwati. Ka ga mata da mantuwa, ashe ma ba shuɗi ba ne, ko..."

Ya riga ya zagayo gaban zanen. Dariyar ta tsaya a fuskarsa.

Ya warware takardar a hankali, ya ɗaga ɗankwalin kusa da ƙyallen. Kore ɗaya. 'Yan makullai ɗaya. Ko ɗigo bai bambanta ba.

"Wa ya faɗa maka?"

"A kasuwa na taɓa ganin irinta," in ji Issifou.

"A kasuwa." Sabitu ya gyaɗa kai. "Malam, ka yi wa mai sayar da goro wannan maganar, ba ni ba. Mai 'yan makullai launi huɗu ta fito. Shuɗi, ja, ruwan ƙasa, kore. Koren ya fi duka ƙaranci, ko mako bai yi a kasuwa ba. To bar wannan, mu ce sa'a ka ci." Ya nuna wuyan rigar da ɗan yatsa. "Jan zaren nan fa? A hoto baƙi ya fito. Shi ma a kasuwa ka gani?"

Ya juya bakin ɗankwalin. Jan zare ne, siriri, an bi shi zagaye.

Issifou ya sunkuyar da kai.

Sabitu ya zauna a benci kamar wanda aka zare wa laka. Bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

"Da azumin bana atamfar nan ta sauka," ya ce. "Ni na san ranar. Lokacin na riga na kai gaisuwa gidansu." Ya ɗaga kai ya dubi idanun da ke kan ƙyallen. "Wata huɗu ina zuwa zance, ba ta taɓa kallo na haka ba. Da na ga hoton na ce wataƙila mai hoto ne ya ba ta dariya. Ashe kai ne a tsaye a wurin."

"Ba ta ci amanarka ba. Sallama ta zo yi mini. Laifin nawa ne."

"Ni ba alƙali ba ne." Ya miƙe, ya naɗe ɗankwalin. "Amma ba zan rataya wannan a falona in riƙa kallon matata tana kallon wani ba. Kuma ba zan fasa a ɓoye a ce na wulaƙanta 'yar mutane ba. Ɗauko shi. Gidan Alhaji za mu, a yi ta a gabansa."

"Ɗanye ne. Ba ya rufuwa, ba ya shiga mota."

"To ɗauko da hannu. Ni ma ƙafa zan bi."

Haka suka fito. Zanen ya kai ƙirjin mutum tsawo. Issifou ya riƙe shi ta katakon baya, fuskar tana waje, don ba yadda za a yi ya jingina ta da jikinsa. Sabitu yana gaba, shi yana baya.

Kai jama'a, Zongo da ido! Masu wake da shinkafa suka bar ludayi. Teloli suka tsayar da keke. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha, wannan ba 'yar Alhaji Buraima ba ce?" Kafin su kai kwanar masallaci magana ta riga su. Issifou bai ga kowa ba, bayan ƙyalle kawai yake gani da ƙafafunsa. Iska ta turo zanen, gefen ɗanyen fentin ya shafi hannun rigarsa, ya bar masa kore har gwiwar hannu.

Ƙafafun nan da suka yi wata goma sha huɗu suna kauce wa layin mahauta, yau su suka kai shi har bakin zaure.

Alhaji Buraima yana zaune a kan buzu da carbi. Ya amsa sallamar Sabitu da fara'a, sai ya ga abin da ke biye da shi. Ya kawar da kai gefe.

"Wa ya shigo mini da wannan gida?"

"Ni ne, Baba, a gafarce ni," in ji Sabitu. Ya durƙusa, ya shimfiɗa ɗankwalin a kan tabarma, ya faɗi abin da ya faru tun daga ranar Litinin, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya zo kan azumin bana, yatsun Alhaji suka tsaya a kan carbin.

"Asiyatu!"

Ta fito daga cikin gida da mayafi a kafaɗa. Ta ga Sabitu, ta ga ɗankwali, ta ga fuskarta tsaye a hannun Issifou, da kaya kore shar. Ta dube shi sau ɗaya. Bai taɓa jin kunya irin ta wannan kallon ba.

"Uwata," in ji Alhaji, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wa ya saya miki kayan nan? Yaushe aka ɗauki hoton?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon ɗankwalin.

"Ni ne, Baba." Issifou ya durƙusa da zanen a hannu, don ba wanda ya ce ya ajiye. "Ni na saya, ni na aika mata, ni na sa ta saɓa maka. Ta zo ne ta ce in dawo wajenka, na ƙi don girman kai. Jiya ma ta roƙe ni in goge, ban goge ba. Duk abin da za a yi, ni za a yi wa. Kuma na dawo, Baba. Ina neman Asiyatu."

"Ka ajiye burushin?"

"Ba zan yi maka ƙarya a zaurenka ba. Ban ajiye ba. Amma in ka kore ni yau, gobe zan dawo, jibi ma haka, da dattawa, har ka gaji da gani na."

Alhaji bai ko dube shi ba. 'Yarsa yake kallo, idanunsa sun kaɗa.

"Na yarda da ke fiye da yadda na yarda da kaina," ya ce. "Ban taɓa tura ki inda ba kya so ba, yau ma ba zan fara ba. Ga su nan su biyu. Ki bi wannan, ki fita da albarkata. Ki bi wancan, ba zan tsine miki ba, amma ba da hannuna ba, kuma ba daga gidan nan ba."

A waje ana jin mutane sun taru suna raɗa.

Asiyatu ta durƙusa a gaban mahaifinta, hawaye na ɗiga a tabarma.

"Baba, ka yafe mini."

Ta juya wajen Sabitu. "Kai ma ka yafe mini. Ba ka cancanci haka ba."

Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki koren ɗankwalin. Sau biyu yana kwancewa, amma ta ɗaura shi.

Sabitu ya miƙe, ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya sa takalmansa ya ratsa mutane ya wuce, bai waiwayo ba.

Alhaji Buraima ya naɗe buzunsa da kansa, ya ɗauki butarsa. Ya bi ta gefen 'yarsa bai taɓa ta ba, ya shiga cikin gida, ya ja ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida.

Issifou yana durƙushe, hannuwansa sun gaji, har yanzu bai samu inda zai ajiye zanen ba. Asiyatu ta rarrafa ta dafa ƙofar.

"Baba?"

Sai suka ji an zura sakata daga ciki.

Shekara ashirin da biyar tana gidan nan, ba ta taɓa sanin ƙofar tana da sakata ba.